Alkubus: daga Dandalin Turawa zuwa Kilomita Biyar



A makon jiya autata ta miƙo mini waya, ta ce, "Baba, dubi abin da mutanen Sin ke ci." Wani ɗan curin burodi ne kore shar, turara shi aka yi ba gasawa ba, da aka ɓare shi sai ga kwastad ruwan ƙwai yana ɗiga daga cikinsa. Ta ce ita dai a yi mata irinsa a gida. Na ce ai wannan ɗan'uwan alkubus ne. Sai ta ce, "Mene ne alkubus?" Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, haifaffiyar Kilomita Biyar, jikar Kanawa, ba ta taɓa jin sunansa ba. Tambayar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san asalin kalmar. Alkubus daga al-khubz yake, wato burodi da Larabci, kamar yadda alkama ta fito daga al-ƙamh. Haka gurasa da alkaki, duk sunayensu na Larabci ne da harshen Bahaushe ya tausasa. Kusan duk abin da kakanninmu suka sarrafa da alkama yana ɗauke da sunan baƙi, domin tare da baƙin ya zo. Fataken Arewacin Afirka da ke ratso Sahara sun zauna a birnin Kano shekaru aru-aru, kuma har yau akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa, tun zamanin da idan aka ce Bature, Balarabe ake nufi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da attajiran Gadamas zaune da gidajensu a kusa da Dala.

Alkama ba ta son daminar ƙasar Hausa. Sai da sanyin hunturu ake shuka ta a fadama, ana ba ta ruwa da jigo, guga bayan guga. Saboda wahalar nan ba ta taɓa zama cimar yau da kullum kamar gero da dawa ba. Abincin fada ce da gidajen attajirai, sai ranar salla, sai garar amarya, sai baƙon da ake jin nauyinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da matan Hausawa suka yi da sunan da suka ara. Balarabe gasa al-khubz yake yi. Bahaushiya ta bar wa gurasa tanderu, ta ɗauki ƙullun alkama ta ɗora a kan tururi. A ganina dalilin bai wuce madambaci ba: tanderu sai gidan masu sana'a, amma tukunyar turara dambu babu gidan da ba ta. Ana surfa alkama, a niƙa, a kwaɓa da ruwa-ruwa, a sa ɗan ruwan kanwa, a rufe ta tashi, a zuba a ƙananan mazubai da aka shafa wa mai, a turara. A ci da miyar taushe ta kabewa da gyaɗa. Yis da gwangwanin madara da fulawa duk daga baya suka shigo.

To, yaya aka yi ya iso bakin kogin Ubangi, inda ko zangarniya ɗaya ta alkama ba a gani? Ta Adamawa. A ƙarni na 19 fataken Hausawa sun bi ta Yola zuwa Ngaundare, daga nan suka gangaro ƙasar Gbaya, inda garin Kunde ya zama babbar kasuwa. Hauren giwa suke nema da goro, kuma, kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu, har da bayi a cikin hajar wancan zamani. Faransawa sun kafa Bangui a 1889, kuma a ƙarƙashin mulkinsu Hausawa suka ƙara nutsowa kudu, wasu da tireda, wasu da fawa, wasu daga baya suka bi lu'ulu'u zuwa Carnot da Berberati da Boda. A babban birni kuwa, baƙin Musulmi, Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali, suka taru a wurin da ke da nisan kilomita biyar daga tsakiyar gari na bakin kogi. Nisan ne ya zama sunan unguwar.

Maza sun zo da haja, mata suka zo da girki a ka. Sun tarar da ƙasar rogo, inda gozo ke matsayin tuwo. Sun kuma tarar maƙwabtansu ma gwanayen tururi ne: ga mangbele na rogo da ake naɗewa a ganye, ga kanda da ake yi da nama da 'ya'yan agushi. Abin da babu ita ce alkama. Sai da fulawar Turawa ta wadatu, wadda ake yin mapa da makala da ita, sannan tsofaffinmu suka koma yin alkubus, fari fat maimakon ja-ja na alkamar gida. Ina yaro a shekarun 1980, ranar suna a gidanmu ba ta cika sai gwaggona ta jera gwangwanaye a tukunya tun asuba.

Fulawar nan har yau baƙuwa ce. Daga tashar jirgin ruwa ta Duwala take hawa mota, ta tsallako iyaka a Garwa-Bulai, ta biyo Bouar zuwa Bangui. Mun ga abin da hakan ke nufi a ƙarshen 2020 da farkon 2021, lokacin da 'yan tawaye suka tare hanyar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyakar Kamaru, farashin kaya ya tashi a kasuwarmu. Amma tsadar fulawa ba ita ta ɓatar da alkubus daga gidajenmu ba. Abin da ya biyo bayan 5 ga Disamba 2013 ne. A watannin farko na 2014 dubban mutanenmu sun hau manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru, kuma waɗanda aka fara turawa su ne mata da tsofaffi da yara. An yi lissafin shaguna da gidaje da masallatan da aka rushe. Ba wanda ya lissafa abin da ya fita a kan tsofaffin matan nan, domin ba su taɓa rubuta awo ba, hannunsu ne ma'auni. Gwaggona tana cikinsu. Tana Njamena har yau, ta ce ƙafarta ba za ta iya wata tafiyar ba.

Shi ma koren burodin da ke cikin wayar matafiyi ne. Turara curin alkama tsohuwar al'adar Sin ce, kuma mai kwastad a ciki sananne ne a gidajen shan shayi na Kanton da Hong Kong. Korensa daga wani garin shayi ne da Japanawa ke kira macca. Niƙa ganyen shayi a kaɗa shi a ruwan zafi a Sin aka fara, wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya komo Japan da irin shayin a 1191, yankin Uji kusa da Kyoto ya shahara da nomansa. Ana yi wa shukar rumfa na wasu makonni kafin a tsinka, a turara ganyen, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa da dutse. Garin kwastad na gwangwani kuwa, wanda matanmu ke damawa kamar koko, wani mai haɗa magunguna ne a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai.

Mun gwada a gida ranar Lahadi. Macca dai ba mu same shi a kasuwa ba, sai na ba da shawarar a daka ganyen shayin da muke dafawa a buta. Kuskure ne, kuma nawa ne: ya fito da kalar ƙasa-ƙasa, ga ɗaci kamar maɗaci. Uwargida ta yi dariyarta, ta ɗauko garin zogale ta tankaɗe da lallausan rariya, cokali ɗaya a kofi uku na fulawa. Kore ya fito, ko da yake ƙamshin na zogale ne. Mun gane cewa kwaɓinsa ya fi na alkubus tauri, sai an murza shi ya daina kama hannu. Kwastad ɗin, na gwaiduwar ƙwai da madarar gari da sukari da ɗan man shanu, dole ya huce ya daskare kafin a cusa, in ba haka ba ya fasa curin. Zubin farko duk ya yamutse, ya yi tabo-tabo.

Da dare na aika wa gwaggo saƙon murya, na ce, "Gwaggo, mun turara abu ya lotsa, ina laifin yake?" Ba ta tambayi ko na wace ƙasa ba ne. Ta ce a ɗaure murfin tukunya da tsumma mai tsabta don kada zufar murfi ta ɗiga a kai, kuma in an sauke kada a buɗe nan take, a bar shi ya huce kaɗan. Sannan ta ce a ba ta yarinyar. Sun fi rabin sa'a suna musayar saƙo, ina jin tana cewa ƙullun alkubus in an ɗaga shi da hannu ya riƙa zuba a hankali ba tare da ya tsinke ba, kanwa kuma a jiƙa ta tun dare a tsiyaye ruwan sama. Autata tana rubutawa a bayan littafinta na lissafi, da Faransanci, in ban da kalmar kanwa da ta rasa fassararta. Juma'a mai zuwa za a sayo kabewa.