Yadda Bayan Babur Ya Sami Sifirin, da Yadda Aka Koyi Daidaita Shi da Nauyin Mahayi

Babur ya bambanta da mota ta wajen nauyi. Ƙaramar mota takan kai tan guda, saboda haka ko direba siriri ne ko ƙato, abin da ya ƙara mata bai taka kara ya karya ba. Ƙaramin babur kuwa bai fi kilo 110 zuwa 120 ba. Mai kilo 70 ya hau, ya ƙara masa fiye da rabin nauyinsa. In ya yi goyo, su biyun sun rinjayi mashin ɗin kansa, kuma galibin wannan nauyi a kan tayar baya yake sauka. Da wannan matsala maƙeran babur suka daɗe suna fama.

Baburan farko ba su da komai a baya. Wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa a Jamus a 1885 da katako aka yi jikinsa. Waɗanda suka biyo baya sun gaji siffar keke: tayar baya a ɗaure take kai tsaye da firam, duk ramin da ta faɗa sai ya isa ƙugun mahayi. Abin da ake yi kawai shi ne a sa sifirin ƙarƙashin sirdi, a kuma sa wa tayar gaba nata. Maƙeran suna da hujja. Tayar baya ce sarƙa ke ja, in ta riƙa hawa da sauka sai sarƙar ta riƙa saki da ɗamewa, kuma duk mahaɗar da aka ƙara wa firam tana iya sa babur lanƙwasa a kwana. Mahaya da yawa sun fi yarda da firam sandararre, ko da zai jijjiga su.

Duk da haka an yi ta gwaji. A 1913 kamfanin Indian na Amurka ya fitar da babur mai sifirin na falle-falle a baya, irin na keken doki. A 1928 Philip Vincent na Ingila ya fara ƙera babura da tsarin da ya mayar da bayan firam kusurwa uku mai lilo, sifirin ɗinsa kwance ƙarƙashin sirdi. Amma tsarin da ya fi yaɗuwa kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa shi ne wanda gatarin taya ke zamewa sama da ƙasa a jikin sanduna biyu, kamar na BMW R51 na 1938. Motsinsa kaɗan ne, wajen santimita 5, kuma da sandunan sun ci sai taya ta fara karkata. Triumph ma ya cusa ƙananan sifirin cikin cibiyar taya, dabarar da ba ta yi nisa ba.

Hanyar da ta ɗore ta fito ne daga filin tsere. A 1936 kamfanin Velocette ya sa wa baburansa na gasa hannun ƙarfe mai lilo, wanda ke riƙe da taya, tare da shokazoba biyu na kamfanin Dowty masu aiki da iska da mai, irin fasahar ƙafafun saukar jirgin sama. Sai a 1950 Norton ya shiga tseren tsibirin Man da firam ɗin da Rex McCandless na Belfast ya zana, wanda aka yi wa laƙabi da Featherbed, Geoff Duke ya hau shi ya yi nasara. Daga nan gardama ta ƙare. Cikin 'yan shekaru kusan duk kamfanonin Ingila suka koma hannun lilo da shokazoba biyu. Harley-Davidson bai sa wa manyan baburansa ba sai 1958.

Samun sifirin ya zo da sabuwar tambaya: na wa za a yi shi? In an yi mai laushi don mutum guda, goyo da kaya za su danne shi har ƙarshe. In an yi mai tauri, mahayi shi kaɗai zai ji kamar babu. Velocette ya amsa da tsagi mai lanƙwasa a jikin firam, inda ake matsar da kan shokazoba gaba ko baya gwargwadon lodi. Dabara ce mai kyau, amma wadda ta fi ta sauƙi da arha ce ta mamaye duniya: zobe mai matakala a gindin sifirin, da ake juyawa da sifana mai ƙugiya. Masu yin shokazoba irin su Girling sun yi shi da hawa uku, baburan Japan suka yawaita mai hawa biyar, daga baya aka sami mai zare wanda ake murzawa kaɗan-kaɗan.

Ya kamata a fahimci abin da zoben nan yake yi, domin har makanikai da dama kan ce yana ƙara wa sifirin tauri, alhali ba haka ba ne. Tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa sifirin yana matsuwa ne daidai da nauyin da aka ɗora masa. A ce kowane kilo 2 yana matse shi da milimita 1. In an riga an ɗaure shi da milimita 10, ba zai motsa ba sai nauyi ya haura kilo 20, amma daga nan kowane kilo 2 milimita 1 ɗin zai ci, kamar dā. Abin da ya sauya shi ne inda bayan babur ke tsayawa idan an hau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In baya ya lotsa da yawa, gaba yakan yi sakayau, kan babur ya ƙi shiga kwana, fitila ta haska sama, rami kaɗan ya sa ƙarfe ya bugi ƙarfe. In kuma an ɗaure shi har bai lotsa ba sam, taya ba ta da sauran miƙewa da za ta bi ƙasa idan hanya ta zurma, sai ta rabu da ƙasa a daidai lokacin da ake bukatar birki.

Auna lotsawa da tef ya zama al'ada ne a tseren jeji. A 1973 Yamaha ya ɗauki tsarin shokazoba guda na injiniyan Beljiyam Lucien Tilkens, Håkan Andersson na Suwidin ya ci gasar duniya ta ajin 250 da shi a shekarar. Motsin tayar baya, wanda dā bai wuce santimita 10 ba, ya haura zuwa kusan 30 kafin shekarun 1980, lokacin da Honda, Suzuki da Kawasaki suka fito da nasu tsare-tsaren masu mahaɗai. Da motsi ya kai haka, kintace ba ya wadatarwa. Sai a ɗaga babur har taya ta rataya, a auna daga gatari zuwa wata alama a sama da shi. A sauke, mahayi ya zauna da cikakkiyar shigarsa, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin shi ne lotsawa, kuma ana son ta kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan motsin, wato wajen milimita 100 a baburan tseren jeji, 30 zuwa 40 a yawancin na kwalta. Akwai awo na uku, na babur shi kaɗai ba mahayi. In an sami lotsawar da ake so amma babur shi kaɗai ba ya lotsawa ko kaɗan, sifirin ya yi wa mahayin laushi, an ɗaure shi fiye da ƙima ne don a rufe gibi, kuma magani shi ne a sauya shi.

Manyan baburan tafiya sun sauƙaƙa aikin, da farko da murfin da ake murzawa da hannu, sannan a tsakiyar shekarun 2000 BMW ya kawo maɓallin lantarki da ake zaɓar mutum guda, goyo ko kaya. Wasu na yanzu suna auna lodin da kansu.

Mafi yawan baburan duniya dai ba su bar zoben matakala ba. Honda ya fitar da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinsa sun ga yadda ake lodin iyali guda a kan babur a kudu maso gabashin Asiya, kuma shokazoba biyu ya sa masa. Baburan Indiya da Sin da 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu ke hawa a Najeriya da Nijar suna kan wannan tafarki. A nan lodi kan sauya sau da yawa a wuni guda, daga mahayi shi kaɗai zuwa fasinja biyu ko buhun masara, shi ya sa akan kai zoben hawa na ƙarshe a bar shi. Hakan yana ɗaga baya, amma ba ya ƙara wa sifirin tauri, ba ya kuma gyara shokazoban da mansa ya tsiyaye. Dole hawan dama da na hagu su zama ɗaya, kuma a ɗaure sarƙa da ɗan saki, domin takan ƙara ɗamewa yayin da lodi ya danne baya.