Daren Mai Wankin Ƙoda

Lokacin da likita Willem Kolff ya harhaɗa na'urar wankin ƙoda ta farko a garin Kampen na ƙasar Holan a 1943, ana tsaka da yaƙin duniya, burinsa kawai kada majinyaci ya mutu a wannan makon. Sai a 1945 aka samu wadda ta tsira. A 1960 a birnin Seattle na Amurka aka dasa wa wani majinyaci, Clyde Shields, ɗan bututun Teflon da likita Belding Scribner ya ƙirƙiro a hannu, aka riƙa wanke masa jini a kai a kai har ya ƙara shekara 11 a duniya. Injinan ba su wadata ba, shi ya sa a 1962 wani kwamiti ya riƙa zaɓen waɗanda za a ɗora a kai, kuma natsuwar hankalin mutum na cikin abubuwan da ake dubawa. Ke nan tun farko likitoci sun san nauyin da wannan jinya ke ɗora wa zuciya, amma sanin ya tsaya a wajen tace masu neman gado.

Bayan dokar 1972 da ta sa gwamnatin Amurka ɗaukar nauyin jinyar, majinyata suka yawaita, zaman ya taƙaita zuwa kamar awa huɗu sau uku a mako, ana shiga rukuni-rukuni. A 1985 masu bincike Gotch da Sargent suka fito da lissafin auna yawan dattin da na'ura ta fitar daga jini, ya zama mizanin aiki. A ganina nan aka yi sake, domin takardar gwaji ba ta nuna ƙaiƙayin da ke sa mutum susa har asuba, ko ƙafafun da ke zillo da zarar ya kwanta, ko ɗaukewar numfashi cikin barci. Wanda aka ba layin sassafe yana gyangyaɗi a kujerar wanki, dare ya yi kuma ido biyu. Rashin barci na rura ciwon damuwa, mai damuwa kuwa ya fi saurin tsallake ranar wanki da barin magani.

Wani zai ce ai ciwon ne da kansa ke kawo wannan ƙunci, kuma ceton rai ne gaba. Da gaskiyarsa, sai dai wani ɓangare na wahalar daga tsarin jinyar yake. A Toronto ta Kanada an gwada dogon wanki na dare a gida, kuma a 2001 likitoci Hanly da Pierratos suka nuna cewa ɗaukewar numfashi cikin barci ta ragu ƙwarai ga waɗanda suka koma wannan tsari. Tabbas tsarin ya fi ƙarfin asibitoci da yawa, balle a Najeriya inda galibi dangi ke haɗa kuɗin kowane zama daga aljihunsu. Duk da haka, sauya wa mutum lokacin wanki, magance ƙaiƙayi, cike ƙarancin sinadarin ƙarfe da ke tsananta zillon ƙafa, da tura mai damuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, duk ana iya yin su da injinan da ake da su a yanzu.