Suez 1956: Makon da Fam Ya Fi Ƙarfin Igwa

Ranar 26 ga Yulin 1956, shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya tsaya gaban dubban jama'a a Iskandariyya ya shelanta cewa kamfanin mashigin Suez ya zama mallakar Masar. Mako guda kafin nan Amurka ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan, shi kuwa ya ce kuɗin fiton jirage zai gina ta. Abin ya yi wa Ingila ciwo matuƙa. Tun 1875 take riƙe da babban kaso na jarin kamfanin, kuma ta nan man feturinta yake biyowa.

Sai aka ƙulla makirci. A watan Oktoba wakilan Ingila da Faransa da Isra'ila suka gana a ɓoye a Sèvres, kusa da Paris. Isra'ila za ta afka wa Sinai, sauran biyun su shigo da sunan rabon faɗa, su ƙwace mashigin. Haka aka yi: Isra'ila ta kai hari ranar 29 ga Oktoba, ranar 5 ga Nuwamba sojojin laima na Ingila da Faransa suka dira Port Said.

A fagen daga nasara na hannunsu, amma ta leƙo ta koma. Shugaba Eisenhower na Amurka, wanda ba a shawarce shi ba, ya fusata. Bai tura soja ko ɗaya ba. Darajar fam tana zubewa, asusun Ingila yana ƙarewa, Nasir ya nutsar da jirage ya toshe mashigin, mai ya yi wuya, sannan Amurka ta tare hanyar rancen da Landan take nema a Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kwana biyu ba su cika ba da saukar sojojin, firayim ministan Ingila Anthony Eden ya amince da tsagaita wuta. A Janairun 1957 ya ajiye mulki.

Littattafai kan yaba wa Majalisar Ɗinkin Duniya saboda rundunar kiyaye zaman lafiya da ta kafa, kuma ta cancanci yabon. Sai dai abin da ke tsaya mini a rai shi ne Hungary. A wannan makon na rikicin Suez dai tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga Budapest suka murƙushe boren jama'a. Majalisar ta yi tir, ta nemi su fice. Moscow ba ta jiran rancen kowa, tankokinta kuma ba su motsa ba.