AMSOSHIN TAKARDUNKU: Farantin wutar nan na fina-finan Indiya

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana tambaya: shin wutar nan da ake juyawa a faranti gaban gunki a fina-finan Indiya, ita suke bauta wa? Ya ce gardama ta kaure a rumfarsu har ciniki ya tsaya.

To Malam, wutar farantin kyauta ce ake miƙa wa abin bauta, kamar yadda suke miƙa furanni da turare. Mabiya addinin Hindu suna kiran wannan ibada "arati", daga wata kalma ta tsohon harshensu na Sanskirit, mai nufin abin da ke kawar da duhun dare.

Amma fa abokan gardamarka ba su rasa hujja ba. Littafin Hindu mafi tsufa, Rigveda, wanda masana ke cewa an tsara shi wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da yabon Agni ya fara, wato abin bautarsu na wuta. A wancan zamani a fili ake hura wuta, a zuba mata man shanu da hatsi, ita kuma, a imaninsu, ta kai sadakar sama. Daga baya aka shiga gina ɗakunan ibada, inda gunkin ke can ƙurya cikin duhu, babu ko taga. Ka ga sai an ɗaga fitila kafin jama'a su ga fuskarsa. A ganina wannan ne ya fi bayyana yadda abin yake a yau.

Fitilar kamar aci-balbal ɗinmu take: lagwanin auduga, sau da yawa guda 5, a cikin man shanu, ko kuma a ƙona kafur, wanda ba ya barin toka. Ana juya ta yadda hannun agogo ke tafiya, ana kaɗa ƙararrawa. In an gama, kowa ya ɗora tafin hannunsa bisa harshen wutar, ya shafa a ido da ka.

Waƙar da aka fi rerawa a lokacin, Om Jai Jagdish Hare, wani malaminsu na Punjab, Shardha Ram Phillauri, ya yi ta wajen 1870. A birnin Baranasi kuwa, kogin Ganga ake yi wa arati kowace yamma. Har mutum ana yi wa, shi ya sa za ka ga uwa ta tare amarya ko ɗanta da ya dawo daga tafiya da faranti a bakin ƙofa.