Mai Riƙe da Kiɗa: Daga Ƙofar Fada zuwa Dandalin Samariya

A ƙasashen Turai akwai mutumin da sana'arsa ita ce ya tsaya gaban makaɗa saba'in ko tamanin, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga ƴar sanda. Ba ya kaɗa komai, ba ya busa komai, amma da ya sauke hannu sai wuri ya yi tsit. Mu a Adar da Gobir Tudu ba mu gaji wannan tsayuwa ba, amma aikin muna da mai yin sa tun kaka da kakanni. Namu yana cikin kiɗan tsundum, kotso rataye a kafaɗa, baki na waƙa, ido na kan yaransa.

A ƙofar fadar Madawa, ko ta Buza, ko ta Keita, duk wanda ya ga hawan salla ya ga yadda sarkin makaɗa ke tafiyar da mutanensa. Shi ke jefa ɗan waƙa, ƴan amshi su cafe, wani lokaci su ƙarasa masa abin da ya faro. In yana son kiɗa ya yi sanyi don a ji sunan wani basarake, kallo ɗaya ya isa. In yana son a koma gindin waƙa, sai ya ɗan sauya bugun hannunsa, kowa ya gane. Sanƙira na gefe yana kirari, kuma shi ma ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa.

Wannan fahimta ba a rana ɗaya ake samun ta ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ganga a ka, daga ƙauye zuwa ƙauye. Daga nan a ba shi kuntukuru ko kanzagi, ya shekara yana bugu iri ɗaya har ya zauna masa a jiki. Sai amshi. Wanda Allah ya ba kunne da murya ya zama Daudu, na hannun daman maigida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta nan ya biyo: ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ya kafa tasa ƙungiya. Na kawo shi ne don mu nan iyakar ƙasa ba ta raba mu da shi ba. Waƙoƙinsa da na Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, su muka taso muna ji a rediyo da kaset, kuma makaɗanmu na gida tsarinsu ɗaya ne. Sai dai makarantar tana da katanga. Kiɗa gado ne. Ɗan malam ko ɗan sarki, kome kyan muryarsa, bai isa ya rataya kalangu ba.

Abin da ya tsaga katangar nan shi ne Samariya. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar samari ta gargajiya, ya ba ta wuri a kowane gari da unguwa. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi manyan garuruwa, kowace shekara wani ya karɓi baƙunci. Kafin a kai can sai an tace: ƙauyuka su kara, a fitar da gwanayen Buza da na Keita da na Madawa, a haɗu a Tawa, sannan a tsamo waɗanda za su wakilci jihar gaban ƴan Damagaram da Maraɗi da Dosso da Yamai. Ana gasar waƙa, da rawa, da wasan kwaikwayo, da kiɗan zamani.

Ina mushen lakwal a ƙasar Buza a shekarun nan, kuma kamar sauran malamai da yawa, an ɗora mini shirya yara. Ni ke riƙe da takarda da agogo, domin alƙalan gasa ba sa yafe wa wanda ya zarce lokaci. Amma mai riƙe da kiɗan wani tsohon makaɗi ne da maigari ya ba mu. Ƴan mata ashirin da wani abu, da samari masu ganga da ƙwarya da gurmi, yawancinsu ba ƴan gado ba, shi ya mai da su abu guda. Bai taɓa daka wa yarinya tsawa gaban ƴan uwanta ba. In ta kauce, sai ya matsa kusa da ita da gangarsa, ya yi ta bugawa daidai kunnenta har ta dawo hanya. Wata rana na ce masa, "Baba, mun wuce da minti biyu." Ya ce, "Mushe, rage baiti, kar ka taɓa mini kiɗi." Haka aka yi.

Ba na ɓoye cewa Samariya kayan aikin gwamnati ce. Waƙoƙin da muka koya wa yara na dashen itace ne, da haɗin kan ƙasa, da yabon masu mulki, kuma ba wanda ya tambaye mu ko muna da wata magana daban. Duk da haka, a dandalin nan ne na fara ganin ɗiyar liman da ɗiyar maroƙi a sahu ɗaya suna amshi, iyayensu na kallo ba wanda ya ɓata rai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Adar ta lokacin.

A gefen kiɗan zamani kuwa, jiharmu tana da Mona da ƙungiyarsa Azna de l'Ader a Tawa, tun shekarun 1970. Da jita yake jagora, salon Jimi Hendrix a yatsunsa, kiɗan Adar a ƙarƙashi. Kayan sun canza, ga lantarki ga lasifika, amma in ka lura da yadda mai ganguna ke satar kallonsa, za ka ga sarkin makaɗa ne ya sake riga. Sai bayan shekaru masu yawa wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da faifansu mai suna Zabaya, duniya ta ji abin da Tawa ta daɗe da sani.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. A 1975, kusan lokaci ɗaya da namu, José Antonio Abreu ya fara tara yaran Benezuwela yana koya musu kiɗan ƙungiya. Daga cikinsu Gustavo Dudamel ya fito, ya jagoranci ƙungiyar matasan ƙasarsa tun 1999, ya karɓi babbar ƙungiyar birnin Los Angeles a 2009. Yaransu ba su fi namu kunne ba. Su sun gina makaranta mai buɗewa kullum, da malami mai albashi da kayan kiɗa a ajiye. Mu biki muka gina. Ana gama gasa, yara su koma gona da talla, tsohon makaɗi ya koma bin bukukuwan aure, sai baɗi. Da Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, siyasar jam'iyyu ta shigo bayan taron ƙasa na 1991, Samariya ta watse, ba ta bar wa Buza ko ɗaki ɗaya da ake koyon kiɗa a ciki ba.

Duk da haka, an yi ƙoƙari. An kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na ƙasar Tawa. An kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, inda ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta samo tushe. Amma cibiyar a Yamai take, wajen kilomita 500 daga Madawa. Yaron Keita mai kunne, in yau yana son waƙa, ɗakin ɗaukar sauti yake nufa, inda mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta zai haɗa masa ganga da kalangu da amshi cikin awa guda, ya biya ya karɓi abinsa a waya.