Dodon koɗi biyu, jini biyu

A kasuwannin Kumasi, har da na gefen titin da ya ratsa Atonsu ya nufi tafkin Bosomtwe, mata na kasa manyan dodon koɗi, waɗanda Asantawa ke kira nwa. Bahaushen zango in ya gan su, suna ɗaya gare shi: dodon koɗi. Da wannan sunan dai yake kiran ɗan mitsitsin nan da ke manne da ganye cikin rafi, wanda da ƙyar yake kai girman ƙwayar gyaɗa. Ni kuwa ina ganin haɗa su a suna ɗaya yana cutar da mu.

Sunayenmu na irin waɗannan halittu ɓawon suka kalla, ba mai ɓawon ba. Koɗi shi ne gidan, dodo kuwa abin da ke ɓoye ciki, ba a damu da sanin ko mene ne shi ba. Katantanwa ma ɓawo ce, ta wasan yara. Haka wuri: dabbar teku ce mai rai, daga tsibiran Maldibis aka riƙa kwaso ɓawonta, ya iso ƙasar Hausa fanko, jam'insa ya zama kuɗi. A nan Gana ma, sidin da ya maye gurbin fam a 1965 daga sunan wuri a bakin Akan aka ɗauko shi. Duk ɓawon nan sinadari ɗaya ne, kalsiyam kabonet, wanda wata fatar jikin dabbar ke tsattsafowa sannu a hankali. Ɗiga masa ruwan lemun tsami ka ga yana kumfa.

Amma a ciki bambancin yake, a jini. Jininmu ja ne saboda himogulobin, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Babban dodon koɗin kasuwa, da kaguwa, da jatan lande, da tagulla suke ɗaukar iskar oksijin, cikin wani furotin mai suna himosayanin, shi ya sa jininsu ke komawa shuɗi-shuɗi in ya sha iska. Ƙaramin na rafi, wanda masana ke kira Bulinus, ya saɓa wa sauran. Jininsa ja ne, himogulobin gare shi, abin da ke ba shi damar zama a kwantaccen ruwa mai ƙarancin oksijin, inda wasu ba sa iya daɗewa. Irin ruwan nan kuwa shi ne wanda yaranmu ke faɗawa wanka da kamun kifi.

Wannan ƙaramin dodon shi ne mai renon tsutsar tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar da ke cikin fitsarin ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shige jikin dodon ta hayayyafa, bayan 'yan makonni dubbai su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Likitoci na ce wa ciwon bilhaziya, don tunawa da Theodor Bilharz, Bajamushen da ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ciwon ya yaɗu ƙwarai a garuruwan bakin tafkin Bolta, don ruwan ya kwanta, ciyayi sun yi yawa, dodon ya sami gida.

To, ga inda sunan ke kawo matsala. In ma'aikaciyar lafiya ta ce dodon koɗi ke kawo tsargiya, uwa sai hankalinta ya tafi kan na farantin kasuwa, ta ce ai mu ba ma cin sa. Ta tashi da kwanciyar rai, alhali ba ta baki ciwon ke shiga ba, ɗanta kuma yana can cikin rafi.

Malaman makarantun zango da masu wa'azi da masu shirin Hausa a rediyo, don Allah ku raba sunan. Ku ce dodon koɗin tsargiya, ku faɗi ƙanƙantarsa da inda yake zama. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuma a kai shi asibiti, akwai magani, firazikwantel.