Tafin Hannun Kakata

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta shekara fiye da 50 tana tuƙa wa gidan yawa tuwo a Gaya, ba ta taɓa ɗora hatsi a kan sikeli ba. Da hantsi kakanmu zai fito da awo daga rumbu, ita kuma ta tsuguna gaban ƙwarya, ta haɗa tafukanta biyu tana ɗiba tana ambaton mutanen gida. Wanda ya wuni a gona da nasa ɗiban, mai jego a ƙara mata, yara uku su tashi a ɗaya. In ta gama sai ta sake cika hannu ta zuba, ta ce, "Wannan na wanda Allah ya kawo ne."

Sai da na zauna gaban malam ana biya mana Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, na gane hannun nan nata yana da asali. Kalmar mudu daga Larabci muka aro ta, kuma malamai sun ce mudun Annabi shi ne cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum. Huɗu irinsa su ne sa'i, abin da kowa ke fitarwa na zakkar fid da kai tun shekara ta 2 bayan Hijira. Ashe hannu ya riga kwano.

Ko da kwanon awo ya kama kasuwa, hannu bai bar wurin ba. Mudun wani gari ba ya zama daidai da na wani, haka ma tiya. Mai awo zai tara gero ya yi tozo, mai saye ya ce, "Malam, sa hannu mana," sai ya kare gefen kwanon da tafinsa ya juye, sannan a bi da gyara. A 1974 gwamnatin Najeriya ta yi dokar awo da kilo da lita. Je ka kasuwar Dawanau a Kano yau ka ji da me 'yan sari ke ciniki: buhu ne da kwano.

Ni dai inda na fi ganin gwanintar kakata shi ne wajen kwasa. Mara a hannun dama, ruwa a gefe, ta yanko tuwo ta juya shi sau biyu a ƙoƙo, malmala ta fito sumul. Akushin maigida uku, na baƙo kuwa sai ta danna ta ƙara, don kada ya ji kunyar neman ƙari. Ta san wanda zazzaɓi ya taɓa jiya, ta san yaron da ya fara tsawo, duk tana lissafe da su kafin mara ta taɓa tukunya.

'Yata da gwangwanin madara take auna shinkafa, ba ta kuskure ko kaɗan. Ranar Juma'ar da ta wuce na tsaya a bakin madafi, na ce ta ƙara cikin hannu ɗaya. Ta ce, "Baba, na wa?" Kafin la'asar wani almajiri ya yi sallama a zaure.